Tafintan Allon Inna

Na sha wahala a kan abin nan, kuma ba zan ɓoye ba don a ce ni jarumi ne. Shekara ashirin da wani abu ina gyaran injin ban-ruwa a fadamar Gummi. Na wuni cikin laka, inji ya taɓa cire mini farce, manomi ya taɓa bi na da fartanya don shinkafarsa ta bushe. Duk da haka babu abin da ya wulaƙanta ni irin wata ƴar igiyar lantarki da ba ta kai kamu biyu ba. Sati bakwai ina fama da ita. Babu ramin da ke tsakanin Gummi da Anka da babur ɗina bai faɗa ba saboda ita.

Mu shida Inna ta haifa, ni ne na fari. Autanmu ya tafi Jidda neman abinci, ya zauna can ba takarda. In ya fito ba zai iya komawa ba, saboda haka bai fito ba. Can ya yi aure, can ya haifi uku. Shekara tara Inna ba ta sa shi a ido ba. Wata shekara, bayan babbar salla, wani alhajin yankinmu ya dawo da saƙo daga wurinsa: turare, dabino, da wata babbar waya mai faɗi wadda ba ta shiga aljihu. Ƴan boko tablet suke ce mata. Inna ta karɓa ta shafa gaba da baya, ta ce, "Wanga ai allo na." Sunan ya bi ta har yau.

A ƙauyenmu, can bayan Nasarawa Burkullu, babu sabis sai an hau tudu, ko a tudun ma sai an yi sa'a. Auta ya san haka. Sai ya ɗauki kansa yana magana, shi da matarsa da yaran, ya zuba a cikin allon, a taɓa kawai a gani. Dabara ce mai kyau. Abin da bai sani ba shi ne halin da idon Inna yake ciki, don mun ɓoye masa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana ganin saniya, ba ya ganin kaza. Ma'aikacin asibiti ya gaya mini a gefe cewa shi ma tafiya yake yi, kuma ba ya jin zai daɗe.

Na kunna mata. Ta kawo allon daf da hancinta, ta matsar da shi, ta karkata kai. Muryar auta ta cika ɗakin, yana gaishe ta, yana cewa yara su zo su gai da kakarsu.

Ta ce, "Ina jin shi. Amma wani abu dai nika gani shina motsi, awa kihi cikin ruwan laka."

Kawu, ƙanen Inna, gidansa na jikin namu, kuma babu abin da ake yi a gidanmu ba tare da bakinsa ba. Ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai ta ji muryatai. Murya ta isa."

Na ce, "Ta isa ga mai ido, Kawu."

Ya ce, "To kai za ka ba ta idon?"

Daga wannan tambaya na ɗaura aniya.

Sai in faɗi wani abu a nan, don kada a ɗauka ni ɗan lele ne mai son a yaba masa. Ni ɗan fari ne, kowa ya san abin da hakan ke nufi a wurin matan zamaninsu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake a bakinta. Kakata ce ta raine ni. In na shigo gaishe ta bango take kallo, in tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina durƙushe a gabanta. Ban taɓa jin haushi ba, haka muka tarar. Auta kuwa har ya shekara biyar tana goya shi. Na san duk abin da zan yi, shi za a gani, ba ni ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mace ta haifi ɗa, ya aiko mata da fuskarsa daga wata duniya, fuskar tana hannunta, a ce ta haƙura.

Tunanina na mai inji ne, ba ni da wani. A wurin aikinmu, in kana da tiyo mai inci biyu kana so ka haɗa shi da mai inci uku, sai ka gasa baki, ka cusa, ka yanko robar tsohon tub ka naɗe tam. Ruwa ya wuce. Na ce hoto ma ai abu ne mai gudana. Yana cikin ƙaramin mazubi, babba nake so in juye shi.

Babban mazubin bai ba ni wuya ba. Akwai wani malamin makaranta a Gummi da nake gyara wa janareta. Kwamfutarsa ta mutu tuntuni, amma gilashinta, wanda suke kira monita, yana nan lafiya a ƙarƙashin tebur da igiyoyinsa biyu, ɗaya ta wuta, ɗaya mai shuɗin kai. Ya ce in ɗauka, dama tare masa wuri yake. Faɗinsa ya kai faifai biyu. Na ce a raina, a nan fuskar auta za ta kai ta saniya.

Na aro allon a wurin Inna na wuni guda, na shiga kasuwar Gummi wurin masu kayan waya. Na tsaya a wani shago na ce wa mai shi, "Waya nika so."

Ya ce, "Wace iri, Baba? Mai tocila ko ta shafawa?" Ya fara jera mini wayoyi a kan gilashi.

Na ce, "Ba wayar magana ba. Wayar da za ta ɗauko hoto daga nan ta kai shi nan." Na ajiye masa allon da igiya mai shuɗin kai.

Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dube ni daga hula har takalmi. Hannuna duk baƙin mai. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji.

"Baba," in ji shi, "wanga ba injin ban-ruwa na ba. Ba a yi."

Na ce, "Ba a yi, ko ba ka iya ba?"

Maƙwabcin ya fashe da dariya. Mai shagon ya ji zafi, ya zaro wata farar igiya ya wurgo mini. "Wagga ɗai ka shiga bakin nan. In ka iya, ka yi." Irin igiyar caji ce. Na karɓa, don na ga lallai tana shiga.

Ran Asabar na naɗe monita da bargo na goya shi a baya kamar jariri, na ɗaure ƙaramin janareta a bayan babur, na nufi gida. Kuskuren da na yi shi ne ban gwada a ɓoye ba. Na ɗauka abin minti goma ne. Kafin in sauke kaya tsakar gida ta cika, mata sun leƙo ta katanga, Kawu ya sa an kawo masa tabarma.

Na sa reza na yanke kan farar igiya, na yanke na shuɗiyar. A cikin fara na tarar da ƴan wayoyi huɗu. A cikin shuɗiya sun fi goma, sirara kamar gashin masara. Na ga aikin ya fi yadda na zata, amma mutane na kallo. Na haɗa ja da ja, kore da kore, fari da abin da ya fi kama da fari. Sauran na murɗe su wuri guda. Na naɗe da roba, ɗauri mai kyau, wanda ko a fadama ba zai zubar da ɗigo ba. Na ja janareta.

Gilashi ya kawo haske. Mata suka ce, "Ya yi! Ya yi!" Sai ga wani ɗan akwati ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, da rubutun Turanci a ciki. Aji uku na yi a firamare. Kalma ɗaya na gane, ta farkon, wadda ke nufin a'a.

Kawu ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce a'a."

"To ko shi ya hi ka hankali."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wannan ban damu da ita ba, na saba. Abin da ya soke ni shi ne muryar Inna daga bakin ƙofa, fuskarta na kallon rumbu: "A ce ma wancan shi bari. Kar shi ƙone min allo in rasa muryar ma."

Gaskiya ta faɗa. Na zare igiyar da sauri, na taɓa allon, auta ya yi sallama kamar kullum. Da ya ƙone, da ban san da wace fuska zan ƙara shiga gidan nan ba.

Kawu ya ce in kwashe tarkacena. Na ɗauki monita na kai shi ɗakin Inna, na kafa shi a kan akwatinta. Na ce, "Nan za shi zauna. In na ɗauke shi na yarda ke nan, kuma ban yarda ba." Da na dawo bayan kwana huɗu na tarar ta rataye carbinta a kansa.

Lokacin an shiga noman rani, manoma na nemana kamar ruwa a jallo. Na riƙa barin injuna a buɗe ina yawon tambaya. A Bukkuyum wani mai cajin waya ya ce sai da sabis. Wani ya ce in kawo allon ya wanke shi ya sake zuba masa sabon abu. Na ce, in an wanke, ƙanena fa? Ya ce shi ma zai tafi. Na ce Allah ya kiyaye, na fita. Wani mai takalmi sau-ciki ya yi mini bayani da Turanci har na minti biyar, a ƙarshe na gane shi ma bai sani ba. Kowa maganarsa guda: Baba ka haƙura, wannan ba aikinka ba ne. Na lura mutane suna son gaya wa wanda bai yi boko ba inda iyakarsa take. Daɗi yake musu.

A wannan tsakanin matar ƙanena mai bi mini, wadda ke kula da Inna, ita ke aikawa a yi cajin allon a Nasarawa. Ta gaya mini kullum sai Inna ta saurare shi safe da yamma. Ta kuma gaya mini cewa shekaranjiya akuya ta tsaya a bakin ƙofa, Inna ta yi mata sannu da zuwa. Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba.

A Anka na sami bakin zaren, kuma ba nemansa na je yi ba. Wani aiki ya kai ni. Ina wucewa kusa da sakatariya na ji wani janareta yana tari a bayan wani shagon buga takardu. Kunnena ba ya iya wuce irin wannan. Na leƙa na ce wa mai shagon fulogi ne, in ta yarda in duba. Wata hajiya ce, za ta girme ni kaɗan, da tabarau a kan hanci. Na goge fulogin, inji ya daidaita. Da na shiga wanke hannu sai na ga monita irin nawa sak a gabanta. Na zaro igiyata mai ɗaurin roba daga aljihu, don tun ranar ban rabu da ita ba, na ba ta labari.

Ta juya ɗaurin a hannunta, ta cire tabarau, ta yi dariya har ta share hawaye. Amma dariyarta ba irin ta ƴan kasuwa ba ce.

Ta ce, "Ɗaurin dai ya yi kyau, Malam. Je ka zo min da allon."

Na sake zuwa aro. Wannan karon Inna ta daɗe kafin ta miƙo shi, a naɗe cikin ɗankwalinta. Ta ce wa bango, "A dawo min da shi kahin magariba."

Hajiya ta karkata allon wajen haske, ta ɗauki allura ta tsokano datti daga wani ɗan rami a gefe, wanda ni na ɗauka ado ne.

Ta ce, "Wancan da kac cusa ma igiya bakin cin abinci na. Wanga shi na bakin magana. Ta nan hoto ka hita."

Na ce, "To a ba ni igiyar da ka shiga nan, in haɗa."

"Ba ka haɗawa. Malam, ka taɓa ganin an ɗaure bakin Bahillacen da bai jin Hausa da na Bahaushe da roba, don su ji maganar juna?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"To wanga Hillanci shika yi, wancan Hausa. Ko ka haɗa su da sarƙa, kallon juna za su yi. Tafinta kaka nema. Wani ɗan akwati na, bai kai na ashana biyu ba, shi ka tsayawa tsakani."

Wallahi a sati huɗu babu wanda ya yi mini magana na gane sai ita. Da tun farko wani ya ce mini tafinta, da ban yanka komai ba.

Babu shi a Anka. Ta rubuta sunansa a takarda, ta ce in ba direban da ke zuwa Gusau. Ta kuma ciro wata tsohuwar igiya mai shuɗin kai daga kwali ta ba ni a madadin wadda na yanka, ta ce, "In ka sa ma wagga reza, kar ka sake biyowa ta ƙohwar nan."

Sati guda ya ɗauka kafin ya iso. Na karɓa a tasha na wuce ƙauye kai tsaye. Ɗan farin akwati ne, gefe guda shuɗin rami, gefe guda ƴar wutsiya mai kai. Shuɗiyar igiya ta shiga raminta daidai, har na ji daɗi a haƙorana. Na kawo wutsiyar bakin allon. Kan ya yi girma. Ba kaɗan ba, kusan biyu.

Kawu na tsaye a kaina. Ya ce, "Tafintan naka bai jin yaren?"

Na koma wurin direba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Abin da anka rubuta shi anka ba ni." Da na je Anka, Hajiya ta ce laifinta ne, kawunan iri uku ne, ta manta ta rubuta wane. Ta ce akwai wani ɗan ƙaramin kai da ake sawa a gaba ya rage girman. Na ce mata ai wannan mun san shi, shi muke sawa tsakanin babban tiyo da ƙarami. Ashe dai ba duka tunanina ne na banza ba. Ta ɗauko biro za ta sake rubutu. Na ce ta rubuta, amma ni ma zan yi nawa.

In zan aika a sayo mini noti ko kusa daga birni, ba na rubutu. Tsinke nake karyawa daidai faɗin abin in ba ɗan aike. Haka maigidana ya koya mini, haka nake yi har yau. Na koma ƙauye na zari tsinke daga tsintsiyar Inna, na auna bakin nan na allon, na karya shi daidai, na sa a kwalin ashana. Na ba direba na ce, "Ka ba su takarda su karanta. In sun kawo, ka ɗora tsinken nan a kai. In bai yi daidai ba kar ka karɓa, ko sun rantse da Alƙur'ani."

Ya dawo yana dariya. Ya ce iri biyu suka fito da su, suna gardama a kan abin da takarda ke nufi, tsinke ya raba gardamar.

Ranar da na kai shi ban gaya wa kowa ba, amma Kawu ya ji ƙarar babur. Bayan la'asar ne. Na kai janareta bayan katanga don kada ƙararsa ta dame mu, na jawo wuta, na saki asabari ɗakin ya yi duhu. Matar ƙanena ta zaunar da Inna a kan kujera ƴar tsugunno, kamu guda tsakaninta da gilashin. Na cire carbin na miƙa mata. Na sa ƙaramin kai a bakin allo, ya shige kamar dama can tare aka yi su. Na sa wutsiya, na sa shuɗiya.

Ɗan akwatin nan mai cewa a'a ya fito ya fara yawonsa. Kawu ya ja numfashi zai yi magana. Sai gilashin ya yi baƙi, ya ƙifta, duk abin da ke kan allon ya bayyana a kansa, manya-manya.

Yatsuna na mai riƙe sifana ne, ba a yi su don shafa gilashi ba. Na je taɓa wurin auta, na taɓa na kusa da shi. Ashe wurin ɗaukar hoto ne. Allon na fuskantata, hasken da ke shigowa ta gefen asabari yana kaina. Sai ga fuskar mutum ta cika monita daga sama har ƙasa.

Inna ta miƙa hannu ta dafa gilashin.

Ta ce, "Wayyo ɗana. Wayyo. Ji yadda sunka mai da min kai."

Na ci gaba da riƙe allon a gabana.

"Hurhura har ga gemu. Yaushe? Wanga tabo na goshi hwa, mi yas same ka ba a gaya min ba? Ba ka cin abinci? Dubi idanu sun zurma." Tana bin fuskar da yatsa, daga goshi zuwa kunci. "Rana ta ƙone min kai. Kai da ubanka awa an tsaga kara. Sannu. Sannu, ɗan albarka. Allah shi huta da kai."

Tabon nan hannun tayar da inji ne ya kufce ya sare ni, shekara goma sha biyu da suka wuce. Sau nawa na durƙusa a gabanta da shi, ba ta taɓa ɗaga ido ta gani ba. Shekarata arba'in da bakwai ranar da ta dafa gilashin nan. Ban taɓa jin wannan muryar tata a kaina ba, a kan auta na saba jin ta, ta bayan zana.

Na ce, "Inna, ni na."

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska. Matar ƙanena ta sulale ta fita. Kawu, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya ɗaga kai yana ƙirga azarar ɗaki.

Can Inna ta ce wa bango, "To a cire shi. Ba shi anka ce za a nuna min ba."

Ban cire da wuri ba. Na san wurin taɓawa sarai, amma na yi kamar ina nema. Sati bakwai na yi ina wahala, na ga ina da haƙƙin minti guda. Kuma ina ganinta ta wutsiyar ido. Fuskarta na wajen bango, amma idon nan na dama, ta gefen mayafi, yana kan gilashi. Ai ba ni take kallo ba. Gilashi take kallo, kuma babu wanda ya taɓa cewa a ji kunyar gilashi.

Daga nan na taɓa wurin auta. Ya fito, ya yi ƙiba, kumatu kamar an hura, da farar jallabiya. Bakinsa ya fara motsi. Babu murya.

Na ƙara sauti har ƙarshe. Shiru. Na zare igiya, murya ta dawo, fuska ta koma ƙarama. Na mayar, fuska ta zo, murya ta tafi. Sau uku ina yi. Tafintan nan ya fassara fuska, ya haɗiye magana.

Kawu ya sami bakinsa. "To. Da muna da murya ba huska, yanzu ga huska an sace murya. Kai dai ba ka kawo abu cikakke."

Na ji kamar in ɗauki akwatin in maka shi da ƙasa. Sai Inna ta ce, "Ku bar shi haka. Ku yi min shiru."

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Bakin auta ya motsa, ta ce, "Salamu alaikum Inna, ina wuni, ina gajiya." Ya sake motsawa, ta ce, "Muna nan lahiya lau, kar ki sa damuwa." Ta ɗan dakata. "Yanzu za shi ce babban shi zo." Sai ga yaro ya shigo yana noƙe kai. Ashe sati bakwai ɗin da na yi a kan hanya, ita ta yi su tana haddace shi, har inda yake tari ta sani. Ita ta zama muryar. Da aka ɗago ƙaramar, ta bar bin maganar, ta ce, "Wagga ta ɗauko kunnuwan gidanmu, Allah sarki," ta yi dariya, irin wadda na manta tana yi.

Sau huɗu muka maimaita, har mai ya ƙare janareta ya mutu don kansa.

A waje Kawu ya same ni ina naɗe waya. Ya ce, "To ai shi ke nan. Ka yi. Sai ka koma ga injunanka, ka huta."

Na ce, "Rabi na yi."

"Ita ta ce ta gode, kai mi kaka nema kuma?"

"Ba ta ji shi tana ganin shi ba, Kawu. Mutum ba a raba shi biyu."

Ina maganar ina juya tafintan a hannu. A gefensa na ga wani ɗan rami zagayayye, ƙarami kamar idon kaza, wanda ban lura da shi ba. Na tuna abin da Hajiya ta koya mini, cewa babu ramin ado. Na nuna wa Kawu na ce, "Ta nan shika ɓoye muryar."

Ya girgiza kai ya ce, "Taurin kai awa ubanka." Ban ɗauke ta a matsayin zagi ba.

Washegari bayan na dawo daga masallaci na shiga gai da Inna. Ta amsa wa bango kamar kullum. Ina fita na ji ta ce wa matar ƙanena, "A dama ma wancan hura shi sha kahin shi hau. Kuma a ce mishi shi riƙa sa malfa in shina cikin hwadama."

Na sha furar a tsaye. Na zari wani tsinke daga tsintsiya, na auna ɗan ramin nan, na karya, na sa a kwalin ashana. Na ɗauko tsohuwar rediyon babanmu mai cin kaset daga kan rumbu, na kaɗe ta, na ɗaure a bayan babur ko za a ce ta nan muryar za ta fita. Akwai injuna uku da ke jirana a Gummi. Na tayar da babur, na juya kansa wajen Anka.